Aksul ɗin bayan tsohon keken hawan dutse ya karye: wane iri za a saya, yaya za a ɗaura?

Tambaya: Na sayi keken hawan dutse na gwanjo, tsohon yayi, firam ɗin ƙarfe, giya bakwai a baya, uku a gaba. Kwanan nan tayar baya ta fara lilo tana gogar birki, ashe aksul ne, wato sandar ƙarfen da wili ke juyawa a kanta. Da na zare tsinken da ke riƙe wilin, sai aksul ya fito gida biyu. Mai gyara a unguwarmu ya ce zai sa mini na keken gargajiya da yake da shi a shago, wai duk ɗaya ne. In yarda? In ba haka ba, wane iri zan nema, kuma zan iya sa shi da kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, ba duk ɗaya ba ne. Kafin komai ma, ka karɓo guntaye biyun nan ka adana su yadda suka fito, kada kowa ya kwance ko noti ɗaya daga jikinsu, domin su ne za su nuna maka tsawon da za ka nema, da irin tiredin, wato zaren da noti ke bi, da yadda kayan suke jere. Kada kuma ka mayar da su ka ɗaure da tsinke ka ce bari ka lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Keke yana tafiya da karyayyen aksul, tsinken nan yana riƙe shi, shi ya sa wasu sukan daɗe suna hawa ba su san ya karye ba. Amma duk juyin da taya ta yi a haka, boris yana cin kofin da yake gudu a kai a cikin hob (cibiyar wili, inda aksul ke ratsawa) a karkace, bakin firam kuma yana buɗewa. Aksul abu ne mai araha, hob da firam su ne masu cin kuɗi.

Aikin kansa za ka iya gama shi a yammaci guda in kana da kayan aiki. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sayo wanda bai dace ba, da wajen mayar da sabo ba a binciki abin da ya karya tsohon ba, don haka a nan zan fi tsayawa.

Duba inda ya karye. Kusan ko da yaushe a ɓangaren dama ne, wajen giya, daidai gindin kon, wato notin nan mai tsukakken baki da boris ke gudu a kansa, kuma ina kyautata zaton wilinka mai firwil ne. Kekunan shekarun 1980 da 1990 suna zuwa da hob iri biyu. Na farko shi ne wanda ake murɗa firwil gaba ɗayansa a kan tiredin jikin hob. A wannan irin, boris na dama yana can ciki, ƙarƙashin inda firwil ya ɗauru, sai aksul ya miƙo shi kaɗai ya ratsa ƙarƙashin faya-fayan giya bakwai har ya kai firam. Tazarar nan takan kai santimita 3 zuwa 4, babu abin da ya tallafe ta. Nauyinka yana danna ta, sarƙa tana janta gaba duk lokacin da ka taka feda, ramin hanya yana dukanta daga ƙasa. Kamar mai karya rake a gwiwa ne: kon shi ne gwiwar, firam shi ne hannun, iya nisan hannu da gwiwa iya sauƙin karyawa. Lokacin da giya biyar ce a baya tazarar gajera ce, ba a cika jin kuka ba. Da aka kai shida da bakwai sai aksul ya fara lanƙwashewa, firwil mai takwas kuwa shi ya fi kowanne cin aksul.

Na biyun shi ne wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1978, ya kuma mamaye kekuna masu daraja daga ƙarshen shekarun 1980. A nan abin da ke yin ƙas-ƙas in ka daina taka feda yana jikin hob ne, faya-fayan giya kuma, da ake kira kaset, zura su ake yi a kansa a kulle da zobe. Fa'idarsa ita ce an tura boris na dama har bakin ƙarshe, dab da firam. Aksul a irin wannan hob da wuya ya karye, in kuwa ya karye to akwai wata cuta a firam ko an ɗora wa keken abin da ya fi ƙarfinsa.

Gane wanda kake da shi ba wuya. Cire wilin, ka leƙa tsakiyar ƙaramin faifan giya, za ka ga ƙananan tsagogi inda makulli ke shiga. Juya giyar baya da hannu. In tsagogin suna juyawa tare da giyar, kaset ne. In sun tsaya cik giyar na kewaya su, firwil ne.

Sai awo. Sa rula tsakanin bakunan firam biyu inda aksul ke zama, daga ciki zuwa ciki. Yawancin kekunan hawan dutse daga wajen 1990 milimita 135 ne, na ƙarshen shekarun 1980 akwai masu 130, waɗanda suka fi su tsufa kuma 126. Ka kuma auna hob ɗin, daga fuskar notin kulle na hagu (notin waje da ke kulle kon) zuwa fuskar na dama, ta hanyar haɗa guntayen biyu a kan tebur. Ya kamata awon biyu su zo ɗaya. Keken gwanjo ya bi hannu da yawa, ba abin mamaki ba ne ka tarar da wili mai 130 a cikin firam mai 135, an matse firam ɗin da ƙarfi ya kama shi. Wannan kaɗai ya isa ya karkata bakunan firam ya lanƙwasa aksul.

Aksul mai rami, irin na tsinke, yakan ɗara faɗin hob da milimita 11, wato kamar biyar da rabi a kowane gefe. Hob mai 135 yana ɗaukar aksul mai 146, mai 130 yana ɗaukar 141, mai 126 kuma 137. Ɗan abin da ya leƙo ɗin nan bai kamata ya kai kaurin bakin firam ba. In ya kai ko ya wuce, tsinken zai matse kan aksul ne maimakon firam, za ka ji hannun tsinken ya kulle tam alhali wilin a sake yake, kuma ranar da ka miƙe kan feda a hawan tudu zai zame. Kekuna masu araha bakin firam ɗinsu siriri ne, don haka ka auna naka, kada ka dogara da lissafin takarda.

Tiredi shi ne dalilin da ya sa na ce maka ba duk ɗaya ba ne. Aksul ɗin baya na Shimano, da yawancin masu rami, kaurinsu milimita 10 ne, tsakanin zare da zare kuma milimita 1. Na kekunan gargajiya irin su Phoenix da Hero da Avon da tsohon Raleigh, kaurinsu inci 3/8 ne, wato kamar milimita 9.5, da zare 26 a kowane inci. A ido kusan ɗaya suke. Kon na 3/8 ba zai hau aksul mai 10 ba, wannan da sauƙi, nan take za ka gane. Amma kon mai 10 yana hawa aksul na 3/8, ya shiga salin-alin yana ɗan girgiɗi, mai gyara ya ɗaure ya ce ya yi. Ba a daɗewa tiredin ya cinye, kon ya zauna a karkace, a koma gidan jiya. Ka gwada da hannu a gaban mai sayarwa: kon naka ya bi sabon aksul tun daga baki har tsakiya da yatsa biyu, ba cijewa, ba rawa. Haka ma noti. Notin 10 na masu sayar da kayan gini zarensa milimita 1.5 ne, na babura da yawa 1.25, ba ɗayansu da zai hau aksul ɗin keke ba tare da ya ɓata shi ba.

Mai gyaran naku ba da mugunta ya faɗa ba, kayan da suka cika kasuwa ke nan, kuma akwai inda maganarsa take da gaskiya. In hob ɗinka mai firwil ne na masu araha, ana iya sa cikakken saiti na 3/8, aksul da kon da notunansa duka, ba a gauraya da tsofaffin ba. Sharaɗin shi ne sabon kon ya zo daidai da tsohon a faɗi da lanƙwasa, ya cike ramin murfin ƙura ba tare da ya goga ba, sannan a ɗauko zobban cike gurbi na tsohon a mayar, don faɗin hob ya koma yadda yake. Akwai saitin da aka yi musamman don keke mai giya, yana zuwa da dogon zobe a gefe guda, shi ya fi dacewa da na keken gargajiya. Abin da ba na so game da su shi ne ƙarfen. Yawancinsu taushi gare su, a hob mai firwil bakwai kuwa taushi shi ne abin da ba a so. In hob ɗin Shimano ne mai kaset, kada ma a fara. Kon ɗinsa na dama daban da na hagu, kowanne da robar da ke tare ƙura, kuma sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Lambar samfurin tana rubuce a jikin hob, tana farawa da FH, kuma Shimano yana da zanen kayan cikin hob ɗinsa a intanet bisa wannan lamba.

Mutane sukan ce a bar mai rami a koma cikakken aksul mai noti, wai ya fi ƙarfi. Ya fi, amma ba kamar yadda ake zato ba. Lokacin da sanda ke lanƙwasa, gefunanta na waje ne ke ɗaukar wahalar, tsakiyarta kaɗan take yi, don haka ramin tsinke bai rage ƙarfi mai yawa ba. Irin ƙarfen shi ne magana. Mai rami na ƙarfe mai ƙwari da ake kira kuromoli, irin na Shimano ko na kamfanin Wheels Manufacturing na Amurka, ya fi cikakke na ƙarfe mai taushi nesa ba kusa ba. In ka sami cikakke na kuromoli mai 10 da zare 1, tsawon milimita 175 zuwa 185, shi nake zaɓar wa mai ɗaukar kaya a kariya, kuma yana da wata fa'ida, ba a zare wili a bakin kasuwa sai da sifana. In sabo mai kyau ya gagara, je wurin masu sayar da kekunan gwanjo ka nemi mataccen wili wanda rim ɗinsa ya lalace amma hob ɗin Shimano ne. Aksul ɗin ciki ya fi sabon kasuwa sau da yawa. Mirgina shi a kan gilashi ko madubi. Miƙaƙƙe zai tafi sumul, lanƙwasasshe zai riƙa ɗingishi kana ganin haske na buɗewa da rufewa a ƙarƙashinsa.

Wanda ya lanƙwashe kuma ba a miƙe shi da guduma, wanda ya karye ba a kai shi wurin mai walda. Ƙarfen ya riga ya gaji a wurin, walda kuma tana kashe taurinsa, ga shi daidai inda kon zai zauna.

Kafin ka taɓa wilin, koma kan firam, domin nan ne mutane ke tsallakewa. Bakunan firam biyu dole su kalli juna sak. In ɗaya ya karkata, duk lokacin da aka ɗaure wili sai ya tilasta wa aksul bin karkatarsa, sabon ma zai lanƙwashe tun kafin ka hau. Kuma karyayyen aksul da aka yi ta hawa yakan karkatar da bakin dama ko da a da lafiyarsa lau. Akwai kayan aiki na musamman don wannan, amma ga yadda za ka duba a gida: sami dogayen ƙusoshi masu tiredi guda biyu miƙaƙƙu, ko tsofaffin aksul biyu masu kyau, ka ɗaure ɗaya a kowane baki da noti da washa ciki da waje, kawunansu na fuskantar juna a tsakiya. In sun haɗu kai da kai, lafiya. In ɗaya ya kalli sama ko gaba, wannan bakin ya karkata. Tunda firam ɗinka ƙarfe ne, ana kama bakin da babbar sifana mai daidaitawa a dawo da shi a hankali, kaɗan-kaɗan ana dubawa. Da alminiyam ne da na ce a bar shi, domin yana tsagewa. Goge wurin da tsumma ka duba da kyau ko akwai tsaga, musamman bakin dama inda ya haɗu da bututun firam. In akwai, maganar mai walda ce kafin maganar aksul.

Kayan aikin da ba makawa su ne siririyar sifanar kon mai 15, sifana mai 17 ta notin kulle, makullin firwil ko na kaset, giris, kalanzir da tsumma. Wasu hob ɗin lambarsu ta ɗan bambanta, ka gwada. Sifanar kon kaurinta kamar milimita 2 ne, don ta shiga tsakanin kon da noti. In babu, a kai tsohuwar sifana mai 15 a goge ta a injin wasa wuƙa har ta sirance.

Cire giyar tukuna. Makullin firwil na Shimano mai haƙora 12 ne, yana shiga tsagogin nan da ka gani, a juya hagu. Tsohon firwil yana ɗaure kansa da kowane taku, shekara da shekaru, don haka ba zai zo da sauƙi ba. Hanya mafi kyau ita ce a kama makullin a bayis, wato mamatsin ƙarfe na kan tebur, a kifa wilin a kansa, a riƙe taya da hannu biyu a murɗa. Bar tayar a jiki da iska don ka sami abin kamawa. Kada a sa kurfi da guduma a zoben nan mai ramuka biyu da ke fuskar firwil. Wannan murfinsa ne, tiredinsa ma na hagu ne, in ya buɗe ƙananan boris masu yawa za su zube ƙasa, gindin kuma yana nan a ɗaure. Kaset kuwa zobensa ake kwancewa, ana riƙe faya-fayan da guntun tsohuwar sarƙa da aka ɗaure a jikin ƙarfe don kada su bi juyin.

Shimfiɗa farin tsumma a ƙarƙashin wilin ka zaro guntayen, ka kwashe boris. Ƙa'idar hob ɗin baya na wancan zamani ita ce ƙwaya 9 a kowane gefe, masu girman inci 1/4, wato milimita 6.35. Na gaba ƙanana ne, 3/16, kada a haɗa. Ƙirga abin da ya fito. In a cikin keji suke, yawanci bakwai ne, kana iya jefar da kejin ka sa tara sakakku. Murfin ƙura na kwano da ke bakin hob, bar shi a wurinsa, in ka ɓamɓare shi da wuya ya koma daidai. Naɗa tsumma a yatsa ko a kan sukundireba ka wanke kofin ta cikinsa da kalanzir.

Haska fitilar waya cikin kofin. Za ka ga layi mai sheƙi inda boris ke bi. Ɗauki biro ka bi layin da bakinsa, a kofi da kuma a kon. In ya tafi sumul, lafiya. In ka ji yana faɗawa ƙananan ramuka ko yana karce, wurin ya ciwu. Kon da ya ciwu ana sauya shi, kuma na dama a wilin da aksul ya karye da wuya ya tsira. Kofi kuwa a yawancin hob ba a sauya shi, in ya ciwu sosai hob ɗin ya gama yayi. Boris ka sa sababbi duka, daga leda ɗaya, domin in aka gauraya tsoho da sabo, manyan ne kaɗai za su ɗauki nauyi.

Kafin ka kwance kayan da ke jikin guntun dama, auna yawan aksul da ya leƙo bayan notin kulle, ka ɗauki hoto da waya. Sannan ka kwance ɗaya bayan ɗaya kana zura su a waya ko igiya bisa jerinsu: noti, washa, zobe, kon. Haka na hagu, a igiyarsa daban. Jerin dama shi ke tsayar da giya a inda take, milimita ɗaya in ta ɓata sai canjin giya ya rikice, ko sarƙa ta riƙa gogar firam a ƙaramin faifai. In washar tana da ɗan harshe a ciki, sabon aksul kuma ba shi da tsagar da harshen ke bi, goge harshen da magagari.

Gina gefen dama a kan sabon aksul tun yana hannunka. Kon, zobe, washa, noti, fuskar notin mai ƙaiƙayi tana kallon waje don ta ciji firam. Daidaita abin da ya leƙo, sannan ka riƙe kon da siririyar sifana ka ɗaure notin a kansa tam, da ƙarfinka. Wannan gefen ba za ka sake kai hannu gare shi ba in giya ta rufe shi, kuma in ya saki, juyin wili zai iya murɗa kon ɗin dama ciki har ya niƙe boris. Cika kofuna biyu da giris, na boris ɗin mota ya wadatar, baƙin mai ba ya zama. Jera ƙwayoyin a ciki, giris zai riƙe su. Bayan ta tara za ka ga ɗan gurbi ya rage, haka aka yi shi, kada ka cusa ta goma. Zura aksul daga dama a hankali kada ya ture ƙwaya cikin hob, ka juya wilin, ka murɗa kon na hagu da yatsa har ya taɓa boris, ka bi shi da sauran kayan.

In aksul ya yi tsawo, yanke shi ta hagu. Murɗa tsohon noti ya wuce inda za ka yanka, ka yanke da zarton ƙarfe, ka goge bakin da magagari, sannan ka kwanto notin ya biyo ta kan yankan ya gyara zaren. Kada bayis ya ciji tiredi kai tsaye, sa katako a tsakani.

Daidaita kon shi ne inda haƙuri ke aiki, kuma mai rami da cikakke ba iri ɗaya ake yi musu ba. Tsinke in ya kulle yana matse aksul gaba ɗayansa, ya ɗan gajarta shi, kon biyu su matso juna. Saboda haka mai rami ana barinsa da ɗan wasa kaɗan a hannu, wanda za ka ji da ƙyar in ka kama bakin aksul ka girgiza. Sa wilin a firam, rufe hannun tsinke rabi, ka kama rim ka tura shi gefe da gefe, ya kamata ka ji ɗan ƙwas. Rufe shi duka, ƙwas ɗin ya ɓace. In tun a rabi babu wasa, ya yi tsauri, kuma wannan shi ke kashe kon a ɓoye, domin mai keke ba ya jin komai sai bayan ɓarna ta auku. Cikakken aksul mai noti ba ya matsuwa haka, don haka shi ana daidaita shi ne a hannu har wasa ya ɓace, yana kuma juyawa ba gurzawa. A kowanne, ɗaure notin kulle yakan ɗan sauya abin da ka daidaita, sai ka sassauta, ka motsa kon ɗan ƙanƙani, ka sake ɗaurewa, har ya zauna. Ɗaga bayan keken ka saki wilin, bawul yana gefe. Hob da ya daidaita, nauyin bawul kaɗai yakan ja wilin ya gangara ƙasa a hankali.

Shafa giris a tiredin hob kafin ka mayar da firwil, ka fara murɗawa da hannu don kada ya hau a karkace, tiredin alminiyam ne ba ya yafiya. Ba sai ka ɗaure da makulli ba, feda za ta ɗaure shi. Zoben kaset shi ake ɗaurewa sosai. Ƙananan sifirin biyu na tsinke, siririn bakinsu ke kallon ciki. Da wilin ya hau, duba rim ya tsaya a tsakiyar robobin birki, ka bi giya daga ƙarama zuwa babba keken na ɗage, ka tabbata macanjin giya ba ya kusantar wayoyin wili a babban faifai. In ka ƙara zobe mai milimita 5 a hagu don mayar da hob mai 130 ya zama 135, rim zai koma gefe, sai an ja wayoyin an dawo da shi tsakiya. Wannan a ba wanda ya iya ɗaurin wili.

Akwai dabara ɗaya ga mai firwil da nake ganin ta cancanci wahalarta. In ka ga tsakanin ƙaramin faifai da firam akwai fili fiye da abin da sarƙa ke buƙata, rage zobe daga dama ka mayar da shi hagu, a sake daidaita rim da macanjin giya. Kowace milimita da ka rage a tazarar nan sauƙi ce ga aksul. Sauran kuma hali ne na hawa. Goyon babban mutum a kariya, ko tsayuwa a kan dogayen notuna da yara ke ɗaurawa a bakin aksul, ko jarkokin ruwa a hanya mai gargada, duk a kan tazarar nan suke sauka. In za ka faɗa rami ko ka sauko daga bakin kwalta, ɗaga jikinka daga sirdi ƙafafu su shanye dukan.

In kuwa kofin ya ciwu, ko kai mai jiki ne, ko keken na ɗaukar kaya ne kullum, shawarata ka daina zuba kuɗi a hob mai firwil. Nemi cikakken wilin gwanjo mai inci 26, hob mai kaset, faɗi 135, rim ɗin da bai cinye ba a inda birki ke kamawa. Tazarar faya-fayan firwil bakwai da ta kaset bakwai ɗaya ce, milimita 5, don haka abin canza giyarka na hannu zai yi aiki yadda yake, ɗan daidaitawa kawai za a yi. In wilin da ka samu na giya takwas ko tara ne, kaset mai bakwai yana hawa kansa, sai dai a fara zura zobe mai milimita 4.5 a baya kafin kaset ɗin, in ba haka ba zoben kulle zai ɗauru faya-fayan na rawa. Ko wanne ka yi, bayan mako guda na hawa ka sake kama rim ka girgiza, sababbin boris sukan zauna su bar ɗan wasa, sai ka ƙara daidaita kon na hagu.